Gatan da Ya Kwantar da Zomanya

A garuruwanmu zomo dabbar rami ce. Yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo mace da namiji, ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya kifa tsohon langa-langa a kai, kullum da la'asar ya fita bakin fadama ya yiwo ciyawa. Ba a tambayar inda zomon yake kashi, ba a kuma lallashinsa ya ci ciyawa, tunda ita kaɗai ce a gabansa. Irin kiwon da na yi ke nan ina yaro, da shi kuma na riƙa yi wa kaina kallon masani, har na kusa kashe wa 'yata zomanya alhali ina ganin gata nake yi mata.

Yanzu gidaje sun koma siminti da tayil, ɗan haya ba shi da inda zai haƙa rami. Yara kuma suna gani a waya yadda ake zama da zomo a falo. Ko a ƙasashen da ake yin haka, al'adar ba ta daɗe ba. A 1985 wata Ba'amurkiya, Marinell Harriman, ta fitar da littafi kan kiwon zomo a cikin ɗaki, a 1988 kuma ita da wasu suka kafa ƙungiyar House Rabbit Society a jihar Kalifoniya. Abin da suka dogara a kansa hali ne da dabbar ta gado. Duk zomon gida, fari ne ko baƙi, tsatson zomon ramin ƙasashen Sifen da Fotugal ne, wanda ke zaman gayya a ƙarƙashin ƙasa, yana da wuraren da ya keɓe don kashi da fitsari, ba ya ɓata makwancinsa. Zomon dajinmu na tatsuniya dabba ce daban: ba ya haƙa rami, 'ya'yansa ma da gashinsu da idonsu a buɗe ake haifarsu. Zomon gida kuwa da tsabtarsa yake zuwa duniya, abin da yake nema a wurin mai shi kaɗan ne. Ni ko wannan kaɗan ɗin ban yi ba.

Zomaye mata biyu na sayo a kasuwa, 'yan ciki ɗaya, fara da mai ruwan toka. Mai sayarwa ya ce watansu ɗaya. Daga baya na san kamata ya yi ɗan zomo ya kai mako 8 tare da uwarsa kafin a raba su, domin a makonnin nan ne hanjinsa ke sabawa da abinci mai tauri. Allah ya sa suka tsallake wannan.

Inda na fi yin ɓarna shi ne abinci. Na fara da karas, saboda kowa ya san zomo da karas, ko da yake sanin nan daga zane mai motsi muka samo shi, wato Bugs Bunny da aka fara nunawa a Amurka a 1940. Karas sukari gare shi, ɗan yanki ake ba zomo jefi-jefi. Ni kuwa guda-guda nake miƙawa. Ga dusa cike da kwano ba ta yankewa, ga ɓarzajjiyar masara, ga ɓawon burodin karin safe. Da sun ji motsina sai su sheƙo su dafa ƙafata, ni kuma raina ya yi fari. Gaskiyar magana, wannan sheƙowar nake saye da burodin.

Ba a ce ban taɓa ba su busasshiyar ciyawa ba. Akwai ragowar damin da ragon layya ya bari a kan rufin kicin, ta sha rana ta sha ƙura har ta koma fari fat. Na ɗebo na zuba musu a kwana. Suka shinshina suka wuce. Na ce da uwargida zomayen zamani ne, ba su san wahala ba, na rufe maganar ciyawa daga ranar.

Ga kuma rigimar ƙazanta. Tun ranar farko na sake su, falo da baranda duk nasu. Na sami tire na zuba yashi na ajiye a bakin ƙofar bayi, domin a hankalina can ya dace. Su kuwa suka zaɓi lungun da ke bayan doguwar kujera. In na kama ɗaya tana fitsari a can, in daka mata tsawa, in ɗauke ta cak in dangwarar a tiren, ita kuma ta yi tsalle ta gudu ƙarƙashin tebur. Har dangwara hancin farar na taɓa yi a cikin fitsarinta, wai don ta gane. Tiren kuwa kullum sai na wanke shi da maganin wanke bayi mai ƙamshi, ban san ina goge alamar da za ta kira su wurin ba ne. Da uwargida ta gaji, na kawo mata hujjar cewa a mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Ta ce ta ji, amma wari ba ruwansa da mazhaba.

Mai ruwan tokar ce na fi tsana a lokacin. Ta cinye bakin tsintsiyar laushi, ta fara tabarmar kaba, ba ta bar kwali ba. Na sa mata suna maɓarnaciya, ina korarta da silifa. Farar kuwa ba ruwanta da tsintsiya, tana gindin kwanon dusa tana ta ƙiba, ina nuna ta ga baƙi.

Sai na fara ganin wani irin kashi a bayan kujera, ba busasshen nan mai ƙwaya-ƙwaya ba, wani mai laushi, a cure, yana sheƙi, ga ɗoyi. Wani ma ya manne a gindin farar. Na ce zawo ne. Na ɗauko kafso irin wanda ba a rasa shi a durowar kowane gida, ina shirin farkewa in zuba a ruwan shansu, wani uzuri ya fitar da ni, na manta. Da ban manta ba da labarin ya ƙare a nan, domin magungunan dangin penisilin, irin su amoksisilin, in zomo ya sha su ta baki sukan kashe ƙwayoyin halittar da ke narka masa abinci, masu guba su samu fili, ya mutu da gudawa.

Sun doshi wata 8 lokacin da farar ta kwanta. 'Yata ce ta lura. Ta ce, "Abba, na ba ta burodi ta ƙi karɓa, tun jiya kuma ban ga kashinta ba." Na je na tarar da ita a takure, ido a lumshe, tana ɗan cizon haƙora, kunnuwa sun yi sanyi. Na so in ce a bari zuwa gobe. Kukan yarinyar ne ya fitar da ni neman likitan dabbobi.

Likitan ya lallatsa cikinta a hankali, ya leƙa bakinta da 'yar fitila, sannan ya ɗago.

"Malam, me take ci?"

Na lissafa masa, har da ɗan alfahari.

"Ciyawa fa?"

"Ai ba sa so, likita."

"In ka cika yaro da alawa da biskit tun safe, ka kawo masa tuwo, zai ci?"

Ban amsa ba. Ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata da ta rage ciwo, ya nuna mini yadda zan riƙa ɗura mata damammen abinci da sirinji ta gefen baki, kaɗan-kaɗan. Ya ce zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, ba a kwana da shi a gida. Sauran bayanin a tsaye ya yi mini, na ƙara da karatu daga baya, kuma shi ne abin da ya kamata in sani kafin in taka kasuwa.

Cikin zomo an gina shi ne a kan ciyawa. Ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce gaba, abin da ke tura shi gaban kuwa shi ne zare-zaren nan masu tauri na jikin ciyawa. A babban hanjinsa abinci yake rabuwa biyu. Masu kaurin su wuce su fito a busasshen kashi, wanda lafiyayyen zomo kan yi ƙwaya 200 zuwa 300 a yini. Masu laushin kuma a mayar da su wata babbar jaka da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ƙwayoyin bakteriya ke dafa su. Daga jakar nan ne kashin nan mai laushi ke fitowa, galibi cikin dare ko da sassafe, zomo ya sunkuya ya karɓe shi da baki tun bai faɗi ƙasa ba, ya haɗiye, domin akwai furotin da bitamin a ciki. Mai kiwon lafiyayyen zomo da wuya ya gan shi. In ka fara ganinsa a ƙasa, ko dai zomon ya ƙoshi da abin daɗi har ya raina shi, ko ƙiba ta hana shi sunkuyawa. Farar ta haɗa biyun. Abin da na kira zawo, abincinta ne take bari. Da tafiya ta yi tafiya, sitacin masara da burodi ya birkita jakar, iska ta taru, hanji ya tsaya.

Sai haƙora. Zomo yana da 28, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba kan ƙaru da wajen milimita 2 a mako. Mutane na gaban suke gani, shi ya sa ake jefa wa zomo itace ya gwagwiya, amma matsalar a turame take, can ciki. Ciyawa tana tilasta masa niƙa da muƙamuƙi gefe zuwa gefe, na tsawon sa'o'i, wannan ne ke cinye turamen daidai da tsirowarsu. Dusa ba ta bukatar niƙa. Turamen farar sun riga sun fara tsini, na ƙasa suna gogar harshe. Na mai ruwan tokar, da na kai ta daga baya, lafiya lau. Likitan ya ce ba zai rantse ba, domin akan haifi wani zomon da karkataccen muƙamuƙi, amma da na ba shi labarin tsintsiya da tabarma sai ya yi dariya ya ce ita ta nemo wa kanta abin da na hana ta. Wadda nake bi da silifa ke nan.

Ba ni kaɗai na taɓa faɗawa wannan ramin ba, ko da yake hakan bai rage mini laifi ba. A Jami'ar Edinburgh an raba zomaye 32 gida huɗu, aka ciyar da kowane gida daban, sakamakon ya fara fitowa a 2013. Waɗanda aka ba haɗin hatsi mai launi-launi da ake sayarwa a shagunan Birtaniya sun rage cin ciyawa, kashinsu ya ƙanƙance, suna barin mai laushin a ƙasa, haƙoransu sun fara nuna alamun lalacewa, waɗanda ba a ba su komai ba sai haɗin kuma suka yi ƙiba. Masu ba da shawara a can cewa suke kusan kashi 85 cikin 100 na abincin zomo ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, a ba shi tulin da ya kai girman jikinsa kullum. Abincin kamfani mai ƙwaya kuwa, ga babban zomo, wajen giram 25 ne ga kowane kilo na nauyinsa. Wanda ke girma akan ƙara masa, amma ba har ya ture ciyawa ba.

Zan fita daga wurin likitan ke nan na yi masa ƙorafin bayan kujera. Ya ce, "Ka kai musu bayin inda suka zaɓa, ka zuba ciyawar a ciki." Na ɗauka wasa yake, wa ke cin abinci a bayi? Ashe zomo yana ci yana kashi ne a lokaci ɗaya. Duk inda ya daɗe yana tauna, nan mafi yawan kashinsa zai zuba. Matsalolin da na ɗauka biyu ne, ina yaƙi da kowace daban, ashe igiya ɗaya ta ɗaure su. Zomon da ke cika cikinsa da dusa cikin 'yan mintoci ba shi da dalilin zama wuri ɗaya, sai ya bi ɗaki yana zubarwa.

Da farar ta miƙe, na sake shiri daga tushe. Na janye kujerar na bar musu lungun, na kewaye shi da ragar waya, fili daidai su yi 'yan tsalle-tsalle su miƙe ƙafa. Na sa baho biyu na roba masu gajeren baki, kowane ya isa zomo ya juya a ciki. A ƙasa tsofaffin jaridu, a gefe ɗaya tulin ciyawa, wani kuma a kwando a rataye daidai bakinsu, yadda ba za su kai gare shi ba sai sun shiga bahon. Ban sa dusar katako ta 'yan katako ba, saboda ƙura, kuma ba ka san irin icen ko maganin da aka fesa masa ba. Yashin kyanwa na kanti mai curewa in ya jiƙe shi ma haɗari ne, zomo na iya ci ya toshe masa hanji. Kashin da ya zuba a waje in tsince in jefa a baho. Fitsarin waje in dangwale da takarda in sa ta a baho, wurin kuma in goge da ruwan khal da aka sirka, wanda ke narkar da farin dabbaren da fitsarin zomo ke bari ya kuma kashe warin. Bahon kansa ina sauya shimfiɗarsa, amma a farko nakan bar ɗan abin da zai tuna musu. Tsawa da silifa na ajiye su. Dabbar da kowa ke farauta a daji ba ta fassara duka da horo, abin da ta koya daga hannuna kawai shi ne ta guje ni. In na ga ɗaya tana ja da baya zuwa kwana tana ɗaga wutsiya, sai in kora ta a hankali zuwa bahon. Sai da fitsari ya tsaya a baho sannan na fara faɗaɗa ragar, taki-taki, in an yi kuskure in sake matsewa.

Wannan ɓangaren bai ba ni wuya ba. Ciyawar ce ta ci mini rai. Na je bakin kasuwar dabbobi wurin wani dattijo mai harawa na faɗa masa bukatata. Ya ce, "Ɗana, ta zomo ko ta doki, dokar ɗaya ce. Ka duba kore, ka shinshina." Ya warware dami ya nuna mini. Ingirici mai kyau ana yankarsa ne ƙarshen damina kafin ciyawar ta tsufa ta zubar da 'ya'ya, a shanya shi ba a tsakiyar rana mai ƙuna ba, ya bushe da sauran korensa da ƙamshinsa. Wanda ya yi fari ya zama kara. Wanda ke warin gumi ko ya yi baƙi-baƙi a tsakiyar dami ruwa ya taɓa shi, ya yi fumfuna, wannan kuwa guba ce ga zomo. Na ɗauki kyasuwa da harkiya da ɗan kiri-kiri, na kuma ɗauki harawar gyada.

Harawa, ta gyada ko ta wake, zomo ba ya mata gardama, kuma tana da amfani ga ƙanana masu girma da uwa mai shayarwa, kamar yadda a Turai da Amurka ake ba ƙanana alfalfa har wajen wata 6 ko 7. Amma tana da yawan furotin da kalsiyam, zomo kuwa ta fitsari yake fitar da rarar kalsiyam, shi ya sa fitsarinsa ke yin fari-fari. In babba ya dogara da ita kaɗai yana iya yin ƙiba, laka ko tsakuwa kuma ta taru masa a mafitsara. Don haka na mai da ita abin jan hankali: in murtsuke ganyenta in barbaɗa cikin ingirici, su shiga tono, a garin tono su ci na kusa.

Dusar ban yanke ta rana ɗaya ba. Likitan ya gargaɗe ni kada in ce zan horar da su da yunwa, zomo yana iya ƙin ci har hanjinsa ya sake tsayawa. Na riƙa ragewa a hankali cikin makonni, burodi da masara kuwa na soke su. Ɗan abincin kamfanin da ya rage na daina sa shi a kwano, sai in watsa cikin ciyawa. Na lura sabon ɗiba ya fi jan su, ko da daga buhu ɗaya ya fito da wanda ke gabansu, don haka nake ƙara dunƙule bayan sallar asuba da kuma gab da magariba, lokutan da zomo ya fi kuzari da ci. Ruwa na koma ba su a kasko mai nauyi, sun fi sha a haka, mai cin busasshiyar ciyawa kuma dole ya sha da yawa. Ɗanyen ganye, irin na dankalin Hausa da zogale, ɗaya bayan ɗaya na shigo da su, ina duba kashi. Kashin ne ma'auni: da ya fara fitowa manya-manya, zagayayye, mai haske, in ka murƙushe ka ga garin ciyawa, na san an hau hanya. Ranar da fitsari ya fito ja na tsorata, ashe launin wasu ganyaye ne, ba jini ba.

Mai ruwan tokar cikin 'yan kwanaki ta rungumi ingirici ta saki tsintsiya. Farar ta ja lokaci, saboda tauna tana mata ciwo, sai da aka yi mata allurar barci aka goge tsinin turamen sannan ta fara ci sosai. Har yanzu akan sami 'yan ƙwayoyin kashi a kewayen baho, wannan shaidar iyaka ce, zomo yana cewa nan nawa ne. Abin yakan ƙaru in sun balaga, tsakanin wata 4 zuwa 6, namiji har feshin fitsari yake yi, kuma wani kaso na ɓarnar da na yi ta faɗa a kai a baya wannan ne. Fiɗiya tana rage shi ƙwarai, ga mace kuma cire mahaifa yana kare ta daga kansar mahaifa da ke yawan kama waɗanda suka manyanta. Aikin yana son likitan da ya saba sa zomo barci, a tambaya kafin a miƙa.

Falon ya daina wari, kujera ta koma kusa da inda take, uwargida ta daina zancen a mayar da su kasuwa. Turamen farar ne ba su koma daidai ba. Haƙorin da ya riga ya karkace a karkace yake ci gaba da tsiro, ciyawa tana rage saurin abin ne kawai. Duk bayan 'yan watanni, in 'yata ta ga haɓarta ta fara jiƙewa da miyau ko tana ɗaukar ciyawa tana saki, mukan sa ta a kwali mu koma wurin likita a sake gogewa, kowace allurar barci kuma da irin nata haɗarin. Zomon gida yakan yi shekara 8 zuwa 12 in ya samu kulawa, ita kuwa ba ta cika biyu ba tukuna.